Notin da ke riƙe dashen haƙori da ƙarfen ƙashi: me ke kwance shi, me ke karya shi

Idan wanda aka yi wa dashen haƙori ya koma asibiti yana cewa haƙorin na motsi, abu na farko da likita zai tantance shi ne wane ɓangare ne ke motsin. In turken titaniyom ɗin da ke cikin muƙamuƙi ne ya rabu da ƙashi, dashe ya lalace, sai cirewa. Sau da yawa kuwa turken na nan daram, abin da ya saki ɗan noti ne da kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, wanda ke ɗaure ɓangaren sama da turken. Wani nazari da ya tattara binciken asibitoci da dama a 2008 ya gano cewa cikin shekara biyar, kashi 12.7 cikin ɗari na haƙoran dashe guda-guda sun kwance. Da aka maimaita irin wannan nazari a 2012, adadin ya sauko zuwa 8.8. An samu ci gaba, amma har yanzu kwancewar noti tana sahun gaba cikin matsalolin da ke dawo da majinyata.

Dashen haƙori gida uku ne. Akwai turke, wanda ake murɗawa cikin ƙashi, faɗinsa yawanci tsakanin milimita 3.5 zuwa 5, tsawonsa 8 zuwa 13. Akwai mahaɗi, wanda ke zama a kan turken ya ratso dasashi. Sai hular haƙori, wadda ake gani ake kuma tauna da ita. Noti yana bi ta tsakiyar mahaɗi ya shiga zaren da aka yanka a cikin turken. Girmansa M1.4 ne ko M1.6 ko M1.8 ko M2, lambar tana nuna kaurin zaren a milimita.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, noti da aka ɗaure yana miƙewa. Sa'ad da kansa ya zauna a mazauninsa aka ci gaba da murɗawa, zaren yana jan jikinsa ƙasa, kai kuma ya tokare, sai jikin ya ƙara tsawo da 'yan maikuron kaɗan (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ƙoƙarinsa na komawa yadda yake shi ke matse mahaɗi da turke. Kamar robar ɗaure kaya ce a bayan babur: in an ja ta ta ɗame, kaya ba ya motsi ko an shiga gargada, in ta saki, ko tana nan a wurinta, kayan zai riƙa tsalle har ya yar da ita. Wannan ɗamewa ita ce komai. Muddin ƙarfin tauna bai kai ya buɗe tsakanin mahaɗi da turke ba, kaɗan ne daga nauyin ke isa ga notin. Da zarar tsakanin ya fara buɗewa yana rufewa, kowace tauna a jikin notin take sauka, tana lanƙwasa shi gaba da baya, har ya warware ko ya gaji ya tsage.

Matsalar ita ce likita ba ya iya auna ɗamewar kai tsaye. Abin da yake aunawa shi ne ƙarfin murɗawa, a ma'aunin niyuton-santimita, wato Ncm. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan ƙarfi gogayya ce ke cinye shi, wajen rabi a ƙarƙashin kan noti, sauran a tsakanin zare da zare. Kashi 10 kacal ne ke zama ɗamewa. Injiniyoyi suna da lissafi mai sauƙi: a raba ƙarfin murɗawa da kaurin noti, a sake rabawa da lambar gogayya. Noti M2 da aka ɗaure a Ncm 35, in lambar gogayyarsa 0.2 ce, zai ba da ɗamewa ta niyuton 875 (niyuton ma'aunin ƙarfin ja ko turi ne). In lambar ta hau zuwa 0.3, sai ta faɗo zuwa wajen 580. Sufana ɗaya, hannu ɗaya, adadi ɗaya a rubuce, amma kashi ɗaya bisa uku na riƙon ya tafi saboda yanayin fatar ƙarfe kawai.

Daga sama kuma akwai iyaka. Gaurayen titaniyom da aka fi yin noti da shi, mai aluminiyom kashi 6 da banadiyom kashi 4, yana fara miƙewar da ba ta komawa a wajen megafaskal 800, wato niyuton 800 a kan kowane murabba'in milimita. Noti M2 yana da jiki mai ɗaukar nauyi na murabba'in milimita 2.07, ke nan iyakarsa wajen niyuton 1,650. M1.6 bai wuce 1,000 da 'yan kai ba, M1.4 kuwa bai kai 800 ba. Masu ƙira suna so ɗamewa ta tsaya tsakanin kashi 60 zuwa 75 cikin ɗari na wannan iyaka. Shi ya sa kowane kamfani ke da nasa adadi: Straumann da Nobel Biocare suna ba da Ncm 35 ga yawancin mahaɗansu, Astra Tech EV 25, Ankylos 15, ƙananan notin da ke ɗaure gadar haƙora (jerin hulunan haƙori da aka haɗe wuri ɗaya) a kan mahaɗi su ma 15. Wanda ya haddace 35 ya riƙa ɗaure kowane noti da ita, wata rana kan noti zai tsinke masa a bakin majinyaci.

Titaniyom yana da hali mara kyau idan ya gogi ɗan'uwansa: yana kamawa, fatar ɗaya ta manne da ta ɗayan ta yage. Wannan ne ya sa aka daɗe ana amfani da notin gaurayen zinariya, wanda ke zamewa da sauƙi ya ba da ɗamewa mai yawa. Da zinariya ta yi tsada sai aka koma shafe noti da abin da zai rage gogayya. TorqTite na Nobel Biocare shafin kabon ne mai santsi da tauri, Gold-Tite na kamfanin 3i kuwa siririn shafin zinariya ne da bai kai maikuron ɗaya ba. Amfanin shafi a fili yake, amma yana da sharaɗi: adadin da kamfani ya bayar na notinsa ne mai shafi. In aka sa notin da ba shi da shafi a wannan adadi, ɗamewa za ta gaza. In aka yi akasin haka, za a iya wuce iyaka. Haka ma yawu da jini da man shafawa, duk suna sauya lissafin, don haka a wanke cikin turke a busar kafin a ɗaure.

Siffar kan noti ma tana da tasiri. Kai mai shimfiɗaɗɗen gindi yana barin ƙarin ƙarfi ya zama ɗamewa. Kai mai gindin mazurari yana cusa kansa cikin mazauni, gogayya ta ƙaru, ɗamewa ta ragu, amma ya fi wuyar juyawa baya kuma yana daidaita kansa a tsakiya. Kowanne akwai mazaunin da aka yanka dominsa. In aka sa mai mazurari a mazauni shimfiɗaɗɗe, zai zauna ne a kan siririn layi, layin ya lotse cikin 'yan kwanaki, noti ya saki. Jikin noti kuma, ɓangaren da ba shi da zare, da gangan wasu ke sirance shi su tsawaita shi. Dogo siriri ya fi miƙewa, saboda haka in wurin ya lotse da maikuron biyu ko uku, kaɗan zai rasa daga ɗamewarsa, gajere mai kauri kuwa zai rasa da yawa. Ƙara yawan zare bai cika taimakawa ba, domin zare uku na farko su ke ɗaukar mafi yawan nauyi, kuma daidai nan ne, inda jiki ya haɗu da zaren farko, noti ya fi karyewa.

Lotsewar da aka ambata ba aibi ba ce, dole ce. Duk santsin ƙarfe, a ƙarƙashin madubin ƙara girma tudu da kwari ne. Da an ɗaure, tuddan suna murƙushewa, a rasa kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari na ɗamewa cikin mintunan farko. Maganinta arha ne: a ɗaure, a jira minti goma, a sake ɗaurewa a adadin farko. A ganinmu babu wani mataki a duk aikin da ke ba da riba mai yawa a kan ɗan lokaci kamar wannan, kuma shi aka fi tsallakewa idan layi ya yi tsawo.

Duk da haka, babban ci gaban da aka samu a shekarun nan ba a jikin notin yake ba, a siffar mahaɗar yake. Tsarin Per-Ingvar Brånemark na Suwidin, wanda ya fara dasa wa mutum turken titaniyom a 1965, yana da ɗan tudu mai kusurwa shida a saman turke, tsayinsa milimita 0.7. An yi shi ne domin a kama turken a murɗa shi cikin ƙashi, kuma a lokacin ana haɗa turaku huɗu zuwa shida da gada ɗaya, suna tallafar juna. Da aka fara ɗora haƙori guda a kan turke guda, wannan ɗan tudu ya zama shi ne zai hana juyawa, kuma bai da tsayin da zai tare nauyin gefe. Sai nauyin ya koma kan noti. Gwaje-gwajen da aka buga a 1996 sun nuna cewa in wasan da ke tsakanin tudun da mahaɗi bai kai digiri 2 ba, haɗin yana daɗewa, in ya wuce digiri 5 kuwa noti yana saurin kwancewa.

Daga nan aka mayar da mahaɗar ciki: mahaɗi ya nutse cikin turke milimita biyu ko fiye, bangon turken ya ɗauki nauyin gefe. Mafi ƙarfi a cikinsu ita ce mai siffar mazurari, dabarar da aka aro daga injinan huda ƙarfe, wadda Stephen Morse ya ƙirƙiro a 1864. Mazurarin synOcta na Straumann digiri 8 ne, na CrossFit 15, na Ankylos 5.7. Na Bicon digiri 1.5 ne kawai, har ba ya bukatar noti, buga mahaɗin ake yi ya kama. Iya ƙanƙantar kusurwa iya ƙarfin kamu, kuma ramin da ƙwayoyin cuta ke bi yana ƙara tsukewa.

Sai dai mazurari ma yana da kuɗin da ake biya. Mahaɗi yana ci gaba da nutsewa da 'yan maikuron bayan an fara tauna, wannan kuma yana sassauta noti ko da bai juya ba. Yana tura bangon turke waje, don haka siririn turke da aka sa a gurbin turmi, a bakin mai cije haƙora cikin barci, bakinsa na iya tsagewa ya buɗe, kuma turken da ya tsage ba shi da gyara. Gwajin ISO 14801 da ake yi wa waɗannan kaya yana karkatar da dashe digiri 30, ya bar milimita 3 na turken a waje kamar ƙashi ya janye, sannan ya danna shi har sau miliyan biyar. Gwajin yana da amfani wajen kwatanta kaya da kaya, amma kayan kamfani ɗaya ake haɗawa a cikinsa. Mahaɗin kwaikwayo mai arha da aka ɗora a kan turken wani kamfani bai bi ta wannan hanya tare da turken ba, kuma kuskuren rabin digiri a mazurari ya isa ya mayar da duk nauyin kan layi ɗaya.

A haƙoran gaba, ramin noti yakan so ya ɓullo ta fuskar haƙori, inda kowa zai gani. Da, sai a manna hula da siminti, ragowar simintin da ya maƙale ƙarƙashin dasashi kuma yana jawo kumburi da zaizayar ƙashi. Yanzu akwai noti da ake ɗaurewa a karkace: kansa da bakin sukurudirebarsa an yi su yadda za su kama juna ko an kauce har digiri 25, kamar tsarin Omnigrip. Ramin sai ya koma bayan haƙori. A lura cewa iya karkata iya raguwar ƙarfin da ke isa ga notin, kuma kansa ya fi saurin cinyewa in bakin bai zauna sosai ba.

Gada mai turaku da yawa tana da nata sharaɗin: dole ta zauna a kan dukkan mahaɗai ba tare da an tilasta ta ba. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗaure noti ɗaya a ƙarshen gadar, a duba ɗaya ƙarshen da ido da hoton eksire. In ya ɗaga, gadar ba ta dace ba, kuma ɗaure sauran notin zai rufe ramin ne ta hanyar cinye ɗamewarsu. Irin wannan gada notinta zai riƙa kwancewa ɗaya bayan ɗaya komai yawan ɗaurewa. Ƙananan notin gada, masu Ncm 15, da gangan aka yi su su zama mafi rauni a jerin, domin in nauyi ya yi yawa su karye kafin turke. Saboda haka noti da ya karye sau biyu a wuri ɗaya saƙo ne: a duba cizo, a duba tsawon ɓangaren gadar da ke rataye ba tallafi, a yi wa mai cije haƙora robar kwana. Sa noti mafi ƙarfi yana tura karayar ne zuwa inda ta fi tsada.

Wajen ɗaurawa, a fara da yatsu har noti ya zauna, a ɗauki hoto a tabbatar babu nama ko ƙashi a tsakani, sannan a kawo sufana mai awo. Hannu kaɗai bai cika wuce Ncm 10 zuwa 20 ba, kuma yana bambanta daga mutum zuwa mutum. Sufana mai karyewa a wuya tana kaucewa daga awonta idan ana yawan turara ta ba a shafa mata mai, mai sandar sifirin ta fi riƙe gaskiya. Kowacce dai a riƙa gwada ta. Notin da aka yi ta ɗaurawa ana kwancewa a ɗakin ƙirar haƙori ba shi ne za a bar wa majinyaci ba, a sa sabo. A ƙarshe a cusa tef ɗin Teflon a kan notin kafin a toshe ramin, domin a same shi da tsabta ranar da aka bukace shi.

In ya karye, guntun da ya rage ba shi da ɗamewa, sau da yawa yana juyawa. A gwada tsinken bincike ko bakin na'urar kankare haƙori mai girgiza, ana tura shi hagu a hankali. In ya ƙi, a kawo kayan cirewa na kamfanin, masu bututun jagora da bakin huda mai juyawa baya, da ruwan sanyaya. Huda ba jagora yana cinye zaren cikin turke, ƙaramar matsala ta zama cire dashe. Nan ne kuma masu zuwa Masar ko Indiya ko Dubai yin dashe ke shan wahala bayan sun dawo gida: bakin sukurudireba mai kusurwa shida na milimita 1.2 da na 1.27 sun yi kama a ido, amma ɗaya zai cinye kan notin ɗayan. Duk wanda aka yi wa dashe ya karɓi takarda mai sunan kamfani, samfuri, faɗin turke da lambar kaya, ya adana.

A tiyatar ƙashi lissafin ya ɗan sauya, domin zaren da noti ke shiga ƙashin ne kansa. Ƙungiyar AO, da likitocin Suwizalan suka kafa a 1958, ita ta daidaita girman da ake amfani da su har yau. Notin ɓawon ƙashi (ɓangaren waje mai tauri) na milimita 4.5 cikinsa, wato kaurinsa ban da zare, 3.0 ne, tazarar zarensa 1.75, ana huda masa rami na 3.2. Na 3.5 ana huda masa 2.5. Notin ƙashi mai soso na 6.5 zarensa ya fi zurfi da tazara, 2.75, domin ya kama ƙashi mai laushi da yawa. Zaren ba daidai yake ta fuska biyu ba: fuskar da ke ɗaukar ja a miƙe take, ɗayar a kwance. In ana so noti ya matse ɓangarori biyu na karaya, sai a faɗaɗa ramin ɓawon kusa zuwa cikakken kaurin notin domin ya wuce ba kamu, ya kama na nesa kaɗai. Zafin huda abin tsoro ne: digiri 47 na minti ɗaya ya isa ya kashe ƙashi, mataccen ƙashi kuma yana narkewa ya saki noti bayan makonni. Baki mai kaifi da ruwa su ne kariya.

Farantin ƙarfe na gargajiya yana riƙe ne da matsi: noti ya danne shi a kan ƙashi, gogayya ta hana zamewa. A ƙashin tsoho mai rauni zare yana cinyewa kafin matsin ya isa, notin su riƙa sunkuyawa ɗaya-ɗaya su fice. Farantin kulle, wanda ya yaɗu daga farkon shekarun 2000, ya yanka zare a kan notin da kuma ramin farantin, sai su zama abu guda mai kusurwa tsayayya. Ba za su fita ba sai gaba ɗaya. Tunda nauyin yanzu na lanƙwasawa ne, an ƙara wa notin ciki: na 5.0 cikinsa 4.4 ne, kusan ninki uku na ƙarfin mai 3.0 wajen jure lanƙwasa. Hatsarinsa shi ne likita zai ji noti ya ɗaure tamau ko da bai kama ƙashi ba, domin faranti ya kama. Kuma noti na kulle ba ya jawo ƙashi, don haka sai an daidaita karaya kafin a kulle.

A tiyatar ƙashin baya, inda ake murɗa manyan noti cikin ƙashi a haɗa su da sanda, ƙaramin noti ne ke danne sandar cikin kan babban noti mai baki biyu. Zare na yau da kullum yana tura bakunan waje su buɗe, shi ya sa ake yanka zare mai kusurwa a juye, ko mai murabba'i, wanda ke jawo su ciki. Wasu ƙananan notin an yi wa kansu wuyan da ke tsinkewa daidai lokacin da ɗauri ya kai.

In aka koma kan farantin kulle, notinsa ana shigar da shi ne ta bututun jagora da aka murɗa a ramin faranti, domin kaucewar da ta wuce digiri 5 tana haye zare ta rage ƙarfin kullen, sai dai in farantin irin mai yarda da karkata ne, wanda ke ba da kusan digiri 15. Ɗaurin ƙarshe da hannu ake yi, da maƙalli mai iyaka: niyuton-mita 1.5 ga noti 3.5, niyuton-mita 4 ga noti 5.0 a tsarin AO. In aka wuce, ko aka ƙarasa da inji, kan titaniyom yana mannewa da farantin titaniyom. Ranar cirewa sai bakin sukurudireba ya cinye ramin kai. Daga nan sai noti mai zaren hagu mai siffar mazurari da ake murɗawa cikin kan ya kamo shi. In ya gaza, a huda kan da baki mai tauri har faranti ya saki, a rufe naman kewaye saboda garin ƙarfe, a ɗaga farantin, sannan a kama guntun da filaya ko a kewaye shi da baki mai rami a zaro.